Aƙida a Filin Tamaula

Babu kalmar da ta fi araha a bakin ɗalibin jami'a kamar aƙida. In ka leƙa ɗakunan kwananmu bayan sallar isha'i, ko ka zauna wurin mai shayi, za ka tarar da mu mun baje ƙasar nan a faifai, muna ta yi wa shugabanni hisabi. Kowa mai gaskiya ne, kowa ɗan gwagwarmaya ne. Ni ma ina cikin masu yin haka, ban kuwa ga aibinsa ba, domin saurayin da bai yi burin gyara duniya ba yana ɗan shekara 20, yaushe zai yi? Abin da nake so in tambayi 'yan'uwana ɗalibai shi ne, a ina ake auna aƙidar nan? Ni dai ban san ma'aunin da ya kai filin tamaula ba.

Ni ɗan Ƙofar Dawanau ne, wadda ke tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa. Abu biyu muka buɗe ido muka tarar a unguwarmu. Na farko labarin Malam Aminu Kano, wanda gidansa na Mambayya a Gwammaja tafiyar ƙafa ce daga wurinmu. Ko da yake ya rasu tun 1983, har yanzu tsofaffinmu ba sa gajiya da ba mu labarin NEPU da aka kafa a 1950, da irin ɗauri da bulalar da 'ya'yanta suka sha amma suka ƙi sauya baki. Na biyu kuwa tamaula. Mun buga ta tsumma, mun buga ta roba, ba takalmi, duwatsu biyu su ne raga, sai kiran sallar magariba ya raba mu.

Da muka yi wayo sai son ya koma kan Kano Pillars, kulob ɗin da aka kafa a 1990. Mun gaji alfaharin kofunan gasar ƙasa na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da kuma shekara 12 da aka yi ba wanda ya zo Kano ya ci mu, har sai da Nasarawa United ta yi mana 2 da 1 a 2015. Kirarinmu kuwa kowa ya san shi, Sai Masu Gida. Ina son kirarin nan har cikin raina. Amma da na ƙara hankali sai na lura da yadda da yawanmu suka fahimce shi, watau ko ta halin ƙaƙa dole mai gida ya ci. In alƙalin wasa ya hura usur a kan baƙo, adali ne. In ya hura a kanmu, an saye shi. So hana ganin laifi ke nan.

A hutun ƙarshen zango da ya wuce aka shirya wasa tsakanin samarin unguwarmu da na wata unguwa maƙwabciyarmu, aka sa rago ga wanda ya yi nasara. Ɓangarorin biyu suka yarda in yi alƙalanci, wai ni ɗan jami'a ne. Ana saura minti biyar a tashi ba wanda ya ci wani, sai aka bugo kwana, ƙanena da muke ciki ɗaya ya yi tsalle ya tura ƙwallon cikin raga da hannu. Fili ya kaure da sowa. 'Yan ɗaya unguwar ma ba su gani ba, domin ƙura ta tashi. Ni na gani, shi ma ya san na gani. Na hura usur na soke cin. Aka tafi bugun fenariti, aka cinye mu, rago ya bi baƙi.

A hanyar gida ƙanen nawa ya ce, "Haba Yaya! Ai ko Maradona da hannu ya ci Ingila a 1986, duniya kuma ba ta daina girmama shi ba." Ya yi mako uku bai gaishe ni ba. A majalisarmu ta bakin titi kuwa, da na zauna sai hira ta mutu. Waɗanda suka fi kowa zafi a kaina su ne abokaina da muke kwana muna tsine wa masu maguɗin zaɓe.

Kawuna, wanda ke sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, ya kira ni ya ce, "Kai yaro, boko bai hana mutum sanin nasa ba. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Ran da ka faɗi, 'yan waccan unguwa ne za su ɗauke ka?" Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Kawu." Ban raina maganarsa ba, domin akwai gaskiya a cikinta. A ƙasar da marar lafiya ba shi da madogara sai dangi, wanda ya ɓata da nasa ya yi babbar asara. Sai dai na yi ta juya abin a zuciyata, na ga cewa 'yan waccan unguwa sun san ni ɗan Ƙofar Dawanau ne, suka miƙa mini usur duk da haka. Amana ke nan suka ba ni. Da na ci ta don ƙanena, da na koya masa cewa in naka ne ke riƙe da usur, doka ba ta hau kanka ba. Wannan darasi kuwa shi ne ya kai ƙasarmu inda muke kuka da ita.

Kada mai karatu ya ce ai wasa ne kawai. A 2013, a wasannin neman hawa rukuni na gaba, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, duk a rana ɗaya. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. A 2022 kuma, bayan hargitsin da ya tashi a wasanmu da Katsina United a Kano, an zaftare wa Pillars maki 3, ƙarshen kakar nan kulob ɗin ya faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ya dawo. Masu jifa suna ganin ƙauna suke nunawa, alhali kuwa gidan nasu suke rushewa.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙin zalunci abu ne mai sauƙi in kai aka zalunta. Wuyar ita ce ka ƙi shi ran da ribarsa za ta shigo gidanku. Mu da ke jami'a yau, gobe wani alƙali ne, wani malamin zaɓe, wani mai duba takardun jarrabawa, kowa kuma zai tarar da nasa a gabansa. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana, kafin mu hau mumbari mu yi wa manya wa'azi, mu duba yadda muke yi a zaɓen ƙungiyoyinmu na ɗalibai, da wasannin tsangayoyi, in ɗan garinmu ne ya yi ba daidai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba Masu Gida nasara ta halal, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan namu ne, amin.