Fanka Na Juyawa, Zafi Babu

Obin na lantarki ba ya mutuwa da hayaniya. Fitilar ciki za ta kama, fanka ta riƙa juyawa, ƙaramar jar fitilar nan ta gaba ta haska, komai dai kamar kullum. Sai mutum ya buɗe ƙofa bayan minti 20 ya tura hannu, ya ji iska mai sanyi kamar ta asubar hunturu. Ga mai gasa kek na sha'awa, wannan ɓacin rai ne na yini ɗaya. Ga irina, wadda kuɗin makarantar yara da na maganin mahaifinta ke fitowa daga cikin akwatin nan da ke jikin bango, tashin hankali ne.

Ranar Laraba nawa ya yi min haka, ga aikin biki a hannuna: babban kek mai hawa 3 da ƙanana 200, za a karɓa Asabar da safe. Kuɗin kafin alƙalami kuwa tuni sun zama fulawa da bota da ƙwai. Mai gyaran da na kira ko zuwa bai yi ba. Daga jin bayani ta waya ya ce, “Hajiya, ai ƙwaƙwalwar ce ta tafi. Irin waɗannan na hannu ba a gyara su, sai dai na saya a matsayin kwandem.”

Baba yana tsakar gida a kan dardumarsa, ya ji komai. Shekara 27 ya yi yana aikin wuta a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kafin masaƙun Kaduna su durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Hawan jinin ido ya cinye ganinsa shekara 6 da suka wuce, tun daga nan kuma ba wanda ya ƙara tambayarsa ko canjin ƙwan fitila. Ya ce, “Uwata, ɗauko min tsohuwar jakata a ƙarƙashin gado. Wanda bai auna ba bai san abin da ya mutu ba.”

Na kawo masa kujera kicin. Ya zauna, ya ɗora jakar a cinya, ya lalubo mitar gwaji ya miƙo min. Daga nan ya zama kai, na zama ido da hannu.

Da wutar gidan ya fara. Ya ce kafin a zargi obin, a tambayi abin da ake ba shi. Wutar da ake rabawa gidaje a Najeriya ya kamata ta kasance bolt 230, amma duk mazaunin unguwa irin tamu ya san yadda take yin lo da magariba. Abin da ban sani ba shi ne yadda raguwar ke cin zafi: idan ta sauko zuwa 160, zafin da obin zai bayar ba zai kai rabi ba. Ya nuna min inda zan sa tsinken mitar a soket na kusa, ya ce in riƙe robar kawai, kada yatsana ya taɓa ƙarfe. Na karanta masa 221. Ya ce, “To, masu wuta sun fita. Saura agogo.”

Da yawan obin masu agogo a goshi ba sa yarda su yi zafi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, sai an sake saita lokaci. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau biyar a yini, wannan kaɗai ya isa a yanke wa lafiyayyen obin hukuncin kisa. Nawa agogon yana daidai, ba ya ƙyaftawa.

Sai ya ce in murɗa zuwa gashin sama, wanda nake ƙyafe kaza da shi. Ba a yi minti 3 ba ƙarfen sama ya fara ja. Tun kafin in yi magana Baba ya ji ɗumin a fuskarsa, ya yi murmushi. Ya ce wannan gwajin ya wanke mutum biyu. Akwai ma'aunin zafi, wanda ke yanke wuta idan an kai zafin da aka saita, akwai kuma ɗan fiyus na kariya da ke tsinkewa idan obin ya yi zafin da ya wuce kima. A yawancin obin, da ɗayansu ne ya tafi, da sama da baya duk sun yi shiru. Tunda sama na aiki, zargi ya koma kan zoben ƙarfen da ke kewaye da fanka a bangon baya, da wayoyinsa.

A nan muryarsa ta canza. Ya sa na je akwatin wuta na kashe layin kicin gaba ɗaya, na dawo na murɗa makunni na tabbatar ko fitila ba ta kama ba. Ya sa na maimaita masa da bakina cewa na kashe. Ya ce ya taɓa ɗaukar gawar abokin aiki a masaƙa, mutumin da ya ɗauka wani ya kashe masa layi. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Na fitar da tire-tire, na kwance sukurori 4 da ke riƙe da murfin baya. Ga fanka, ga zoben ya zagaye ta zagaye biyu. Baba ya ce in kama hannunsa in ɗora a kai. Yatsunsa suka bi ƙarfen a hankali kamar mai jan carbi, har suka tsaya a wani wuri ta ƙasa. Ya ce, “Duba nan.” Na haska da fitilar waya, na ga ɗan kumburi da tsaga wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da farin gari a bakinta.

Ya bayyana min cewa bututu ne kawai muke gani. A cikinsa akwai siririyar waya a murɗe, ta haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam, wadda wani Ba'amurke, Albert Marsh, ya yi wa rajista a 1906. Ita ce ke yin ja ba ta narke ba. Farin garin kuma shi ke raba ta da bututun don kada wuta ta kama jikin obin. Shekaru na zafi da sanyi ke cin wayar, har wata rana ta tsinke a inda ta fi rauni.

Duk da haka bai yarda da yatsa kaɗai ba. Na ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayata, na zare su, na ciro zoben. A jikinsa an buga wat 2000. Baba ya yi lissafi da ka: 230 sau 230, a raba da 2000, kusan 26. Ya ce idan yana da rai mitar za ta nuna om 26 ko kusa da haka. Na ɗora tsinke biyu a bakinsa biyu. Mitar ba ta motsa daga alamar da take nunawa idan ba a haɗa komai ba. Hanya ta yanke.

Washegari na tafi Babbar Kasuwa da mataccen zoben a jaka da mitar Baba. Ya ja min kunne a kan abu uku: wat ɗin ya zo ɗaya, faɗin zoben da ramukan sukuro su dace, kuma in auna kafin in biya, har da tsakanin baki da jikin bututu, inda bai kamata mitar ta nuna komai ba. A shago na uku na samu. Da na fito da mita, mai shagon ya dube ni ya ce, “Hajiya, injiniya ce ke?” Na ce 'yar injiniya ce. Ta nuna 27. Kuɗinsa bai kai na katan ɗin bota ba.

Da la'asar na ɗaura, na bi hoton na mayar da wayoyi, na matse su sosai, domin Baba ya ce sakwarkwataccen haɗi shi ke ƙona waya. Sabon zobe ya yi ɗan hayaƙi da ƙauri na mintuna, sannan ya lafa. Na sa ma'aunin zafi na hannu a tsakiya, na saita 180. Da jar fitilar ta mutu, alamar ma'aunin ciki ya yanke wuta, Baba ya ji ƙaramar ƙarar daga kujerarsa kafin ni in gani.

Kwana biyu na yi ina gashi, rabi da wutar gari, rabi da janareton haya. An karɓi kaya Asabar ƙarfe 9.

Labari ya zaga layinmu ta bakin yara. Yanzu kusan kowane mako sai an yi sallama da dutsen guga ko butar lantarki ko hita, a ce a kawo wa Baba ya duba. Yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kira babbar 'yata mai shekara 13 ta zauna a gefensa da mita. Ita ke karanta masa lambobi, kuma ta riga ta haddace cewa kafin a taɓa komai, sai an cire shi daga wuta an faɗa da baki.