Ramukan da ke daɓen Shaolin

Sarin kaya ne ya kai mu Guangzhou, ni da yayana mai rumfa a Kantin Kwari. Da aka ce sai bayan mako guda kayanmu za su haɗu, na ce ni kam Shaolin za ni. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai har yau fim ɗin Chanis bai sake ka ba?" Da gaskiyarsa. Muna yara, in mun dawo daga kallon Jet Li, iska muke yini nausa a tsakar gida. Fim ɗinsa na 1982 ne ma ya watsa sunan wurin a duniya.

Jirgin ƙasa mai ɗan karen gudu ya sauke ni a Zhengzhou, babban birnin lardin Henan. Na ci taliya da romon rago a shagon wasu Musulmi 'yan ƙabilar Hui, na kwana, da sassafe na kama bas zuwa Dengfeng.

Haikalin Shaolin yana gindin dutsen Song, an gina shi tun shekara ta 495. Amma kafin ka isa, makarantun kungfu ne jere a bakin hanya, yara sun cika filaye maƙil. Na zo da tsammanin ganin tashi sama da alkafura. Ina! Ƙafa ake wa horo. Akwai tsayuwar da suke kira mabu, wato tsayuwar doki: ka ware ƙafafu, ka sauko kamar kana kan sirdi, cinyoyi a kwance, gadon baya a miƙe, ka zauna a kan babu. Daga nan sai gongbu, tsayuwar baka, ƙafar gaba a lanƙwashe, ta baya a ɗame kamar tsirkiya. Sai kuma wadda ake ɗora nauyi duka a ƙafar baya, ta gaba yatsu kawai ke shafar ƙasa. Haka za su riƙa sauyawa daga wannan zuwa waccan, taku bayan taku, su kai ƙarshen fili su juyo. Malaminsu na zagayawa, ya ɗan tura kafaɗar yaro da yatsa biyu. Wanda ya yi tangaɗi ya koma farko.

Ganin na daɗe a tsaye ina leƙe, wani malami ya yafito ni ya nuna min mabu. Ban ƙirga arba'in ba cinyoyina suka ɗauki kakkarwa. Yaran da ba su wuce shekara goma ba suka tuntsire da dariya, su kuwa ko gezau.

A can ƙuryar haikalin akwai wani babban zaure na zamanin daular Ming, wanda ya tsira daga gobarar 1928 da ta cinye yawancin gine-ginen. Mutane suna ta kallon zanen da ke bango, ni ƙasa na zuba wa ido. Daɓen bulo ne, amma ya lotsa wuri-wuri, ramuka 48 a jere, sahu-sahu. Ana cewa dugadugan sufaye ne suka haƙa su, kowa a gurbinsa yana doka ƙafa, wani ya mutu wani ya gaje shi.  Ɗan damben ƙasarmu dai ba zai yi mamaki ba: komai nauyin hannunka, da gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa.

Na koma Guangzhou ina ɗingishi. Yayana ya tambaye ni wa ya doke ni, na ce babu wanda ya ko taɓa ni. Kwana uku na yi ina cije leɓe duk lokacin da zan taso daga sujada.