Ƙahon da ba ya faɗuwa

A watan Janairu malaminmu na fassara ya ba mu ɗan rubutu na Faransanci mu mayar Hausa. Labarin mutanen Faransa ne masu shiga daji a ƙarshen sanyi, Fabrairu zuwa Maris, suna neman abin da dabbar da suke kira cerf ta zubar daga bisa kanta. Ban ko tsaya tunani ba na rubuta: “Barewa takan zubar da ƙahonta kowace shekara.” Na samu 14 bisa 20, na ji daɗi.

Da na zo gida Kiyeshe cikin Fabrairu, na karanta wa Kawu, wan mahaifiyata, tsohon mahalbi. Ya bari na kai aya, sannan ya ce: “Wa yag gaya maka wanga zance? Barewa ba ta yada ƙaho. In ka ishe ƙaho ƙasa, mai shi ya mutu.”

Kawu yana da gaskiya, mai rubutun ma yana da tasa. Abin da ke kan cerf ƙashi ne tsantsa, mai rassa kamar na itace, shi ya sa Faransawa ke ce masa bois, su bar corne ga na sa da rago. Yana faɗuwa, wani ya tsiro cikin ’yan watanni. Na barewa kuwa ƙashi ne a ciki, da kube a waje mai asali ɗaya da farce, kuma da shi za ta mutu. A Afirka ana samun irin waccan dabba can dazuzzukan iyakar Aljeriya da Tunisiya. Bahaushe bai taɓa buƙatar kalma biyu ba, ni kuma na ɗauki guda ɗayar na ɗora mata ƙarya.

Washegari da asuba Kawu ya tashe ni. “Taho mu tahi, in gwada maka abin da dabba ka yadawa tana da rai.” Muka bar fadama, inda yara ke tsintar ’ya’yan gawo don awaki, muka hau tudu cikin geza da sabara. Hazo bai gama janyewa ba, sanyi na cizon kunne. Farko muka ga saɓar maciji rataye a kalgo, sai gashin zabon daji. Can wajen hantsi, a bakin wani rami tsakanin duwatsu, ya duƙa ya ɗauko ƙayar beguwa uku, baƙi da fari. “Ka gani? Wagga tana nan da ranta.” Na daɗe ban ga fara’a irin wannan a fuskarsa ba.

A hanyar komawa na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin barewa a nan. Ya ce: “Tun kahin a haihe ka.” Ya ce fari na 1973 da na 1984 sun ci nasu, gonaki sun cinye dawa, bindiga ta ƙarasa saura, har da tasa. Daga nan ya shiga jera suna: gwanki, kanki, mariri, mazo, gada, kowace da kamannin ƙahonta da sawunta.

Nan kunya ta kama ni. Duk sunayen nan na san su, na gan su cikin ƙamusun Bargery na 1934. Ina iya sa wa “gwanki” alamar karin sauti ba kuskure, amma da zai gitta gabana ba zan shaida shi ba. A gidanmu Kawu ne na ƙarshe da ya san kalmar ya kuma san dabbar. Ranar da babu shi, sunayen za su zama irin ƙahon da ya faɗa.

Da dare na kunna salula na ɗauki muryarsa har minti 40. Ya gaji ya ce in bari sai gobe. Goben na koma Yamai.

Fassarar na sake ta: “Wata dabba ta Turai mai kama da barewa, wadda ƙahonta mai rassa ke faɗuwa kowace shekara.” Ta yi tsawo, ba ta da daɗin ji, amma zan iya karanta ta gaban Kawu. Ƙayoyin uku suna cikin littafina, daidai shafin da na rubuta tambayoyin da suka rage. Allah ya kai mu hutu mai zuwa, ya sa in same shi lafiya.