Labari a Baki

A masana'antar fim ta Kano ba kasafai ake sayen labari a takarda ba, a baki ake sayensa. Furodusa yana zaune a ofishinsa a Titin Gidan Zoo, wayoyi biyu a gabansa, sai ya ce: "Malam, ba ni shi a taƙaice." Abin da ka kwana wata shida kana rubutawa, minti biyar gare ka ka zazzage shi. In ya gyara zama, ka samu shiga. In ya ɗauki waya, sai ka fara lissafin kuɗin motar komawa gida.

Ni kuwa gidana Kibiya ne. Kafin in samu waɗannan mintuna biyar, sai na yi sammako na kama motar Rano, mu bi ta Bunkure mu shiga birni, sannan in hau adaidaita sahu. Marubucin da ke zaune a Kano ba ya wannan wahala, domin sanayya a majalisar yamma ake ƙulla ta, wajen mai shayi, lokacin da ni tilas ina tasha kada dare ya yi mini. Da yawa daga cikin lambobin da ke wayata a wurin ɗaurin aure da zaman makoki na samo su, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Marubuci ba baƙo ba ne a wannan sana'a. Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafari, Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi. Daga baya, zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai ke juya harkar kaset da faifai, waƙa ta sha gaban labari, har akan fara tanadar waƙoƙi sannan a nemi abin da za a rataya su a jiki. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 da shirin Daɗin Kowa, da kuma masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, shi ya dawo da darajar alƙalami, don ba a jan shiri shekara da shekaru da ka. Wannan ƙofa na hango na fito.

Labarin da nake yawo da shi na wani tsohon marini ne da 'ya'yansa uku, waɗanda ke jayayya kan ko a cike ramukan karofin gado a sayar da filin. Ban ɗauko shi daga sama ba. A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, kuma na tashi ina ganin dattawan da shuni bai gama barin faratansu ba.

Mutum huɗu suka saurare ni har ƙarshe. Na huɗun, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya yi shiru jim kaɗan, ya ce: "Ƙanena, labarinka yana da nama. Amma ka mayar da karofin kamfani, tsohon ya zama Alhaji a Nasarawa, sai mu yi magana." Ya lissafa mini dalilansa: motar ɗaukar kayan aiki, masaukin 'yan wasa, man janareta, kwanakin da jarumi zai yi nesa da sauran ayyukansa. Ban ga ƙarya a lissafin ba ko ɗaya. Sai dai rigimar gado a gidan Alhaji an yi ta a fim har an gaji, kuma in aka cire warin baba da duwatsun Rano daga nawa, abin da ya rage kowa ma zai iya rubuta shi. Na ce: "Yaya, a ba ni lokaci in yi tunani." Ya gane amsar, ya raka ni bakin ƙofa.

Akwai kuma fargabar da ba a cika faɗa ba: labarin da ka bayar a baki ya bar hannunka, ba takarda, ba shaida. Shi ya sa yanzu nake fara tura shafi ɗaya ta WhatsApp, kwanan wata na jikinsa, kafin in hau mota.

A damanar bana na rage 'yan wasan daga goma sha bakwai zuwa shida, na tattara rabin labarin a tsakar gida ɗaya, yadda za a iya ɗaukarsa cikin kwana biyar. Karofin dai yana nan a shafin farko. Wani matashin darakta da ke sakin ayyukansa a YouTube ya karanta, ya ce zai zo ya ga wurin da idonsa bayan an yi girbi.