Wasan kwaikwayo: kunne ya ji kafin ido ya gani

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar. Dattawa suna tune da zamanin samariya. A shekarar 1976, lokacin mulkin Seyni Kunce, aka yi babban bikin matasa na farko a Damagaram. Daga nan aka riƙa zagayawa da shi manyan garuruwa, kowace jaha ta zo da ƴan wasanta. Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram sun ba mutane dariya a rediyo da talabijin shekara da shekaru.

Sai dai yawancin wasannin wancan zamani ba a rubuce suke ba. Ƴan wasa su zauna su shirya labari da baki. Kowa ya san ko shi wane ne a cikin labarin. In an fito fili, kowa ya zuba magana daga kansa. Wannan gwaninta ce babba. Amma in ƴan wasa suka watse, wasan ma ya watse, sai wanda aka yi sa'a aka ɗauka a faifai.

Shi ya sa wasu matasa suke ɗaukar bik da kaye su rubuta nasu. To, rubutaccen wasa shi ma yana da tashi cuta. Mai rubutu yana zaune shi kaɗai a ɗaki. Takarda ba ta dariya, ba ta hamma, ba ta tashi ta tafi gida. Duk abin da ya zuba mata sai ta karɓa. Yana iya yin wata uku yana rubutu, yana ganin ya yi abin kirki, alhali maganar ba ta zauna a bakin mutum ba.

Maganin da masu wannan sana'a suka samo shi ne karanta wasan gaban jama'a tun ba a yi shi ba. Ba a ɗinka tufafi, ba a kafa rumfa, ba wanda zai hardace komi. A jera benci ko tabarma. Kowane mai karatu ya riƙe takardarsa, ya karanta maganar mutum guda. A sa wani dabam ya riƙa faɗin abin da ido zai gani, kamar shigowar mai gari ko faɗuwar rana. Shi kuwa mai wasan ya koma baya ya yi shiru. Aikinsa a wannan dare kallon fuskokin mutane ne. Inda aka yi dariya ya sa alama. Inda aka fara hira da juna, ko yara suka fara guje-guje, nan ma ya sa alama, don nan ne wasan ya yi sanyi.

A ce wani saurayi ɗan manoma ya rubuta wasa kan shanu da suka shiga gona. Ya ba manomi magana shafi biyar. Makiyayi kuwa ya ba shi layi uku, su ma na rantsuwa ne da ƙarya. A takarda ba zai ga laifin wannan ba, don abin da ya tashi yana ji ke nan. Amma ranar karatu akwai makiyaya zaune. Ɗayansu zai ce masa: a labarinka ina burtali yake? Wa ya nome shi? Ta ina shanun za su bi su kai rijiya? Nan take saurayin zai gane rabin labari ya rubuta. Ya koma ya ba makiyayin baki, ya bar shi ya faɗi tashi hujja gaban mai gari. Wasan zai fi daɗi, don gardama ba ta daɗin saurare sai kowane gefe yana da abin faɗi.

Da an yi wannan wasa kai tsaye ranar kasuwa, gaban mutum ɗari uku, ba gyara za a samu ba. Gaba za a ƙara tsakanin maƙwabta. A zaman karatu kuwa mutum ashirin ne ko talatin, kuma kowa ya san abin ɗanye ne, ba a gama dafa shi ba.

Ba ƙauye kaɗai ke bukatar wannan ba. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wani ɗan wasa mai suna Étienne Minoungou ya kafa taron da ake kira Récréâtrales a shekarar 2002. Marubuta da ƴan wasa na ƙasashen Afirka suna zama tare makonni, suna rubutu, suna gwadawa, suna gyarawa. Daga 2008 aka maida taron cikin gidajen mutane, a unguwar Bugsemtenga. A tsakar gida ake jera kujeru, inda ake daka da wanki. Mai gida da iyalinsa suna jin wasan tun yana ɗanye. Kuma cikin abin da ake yi a taron har da karanta sababbin wasanni gaban jama'a.

Gidan rediyon Faransa, RFI, shi ma ya buɗe gasar rubuta wasan kwaikwayo a 2014. Wanda ya ci, ana karanta wasansa gaban mutane a babban bikin garin Abinyo na Faransa, a kuma sa shi a rediyo. A 2016 wani matashi ɗan ƙasar Gine, Hakim Bah, ya ci. Abin kirki ne, amma da Faransanci ake shiga gasar. Wanda ya rubuta nashi da Hausa a karkarar Tasawa ko Madawa ba shi da ƙofa a can. Ƙofarsa ita ce gindin bishiya da mutanen garinsu.

Zaman karatu yana iya ɓaci. Wani babba zai tashi ya ce yaro bai isa ya yi maganar aure ko ta gado ba. Wani kuma ya ce da shi ne, ga yadda zai ƙare labarin. Kafin a ankara mutum goma sun rubuta wasa goma, mai wasan ya rasa nashi. Matashi da yawa sukan aje bik daga irin wannan dare. Don haka a sa mutum guda mai haƙuri ya riƙe zaman. Kada ya tambayi mutane ko wasan ya yi kyau, kowa zai ce ya yi, don kunya. Ya tambaye su abin da suka ji ya faru. Ya tambaye su wa suka tausaya wa, kuma a ina suka ɓace. In mutum biyar sun ɓace a wuri guda, laifin na takarda ne. In mutum guda ne, wataƙila barci ya ɗauke shi.

A nemi mata su zo, a kuma ba su maganar mata su karanta. Namiji in ya rubuta maganar uwar gida da amarya, sau da yawa sai mata su fashe da dariya, ba don abin ya ba da dariya ba, don ba haka suke magana ba.

Masu karatu kuma a tausaya masu. Wanda bai daɗe da iya karatu ba yana tafiya sannu, kuma wasa ba ya son jan ƙafa. A kwafe wa kowa rabonsa da manyan baƙaƙe, a ba shi kwana uku ko huɗu kafin zaman, ya bi shi a gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, kafin samari su tafi cin rani. Fitila biyu da kwafi shida sun isa. Bayan mako biyu mai wasan ya dawo da abin da ya gyara, a sake zama, a kuma gayyato waɗanda ba su ji na farko ba.