Kwanon Kaka

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Akwai kuma wani rashin sanin da ke sa mutum ya ɗauki tagulla a matsayin zinariya. Dukansu biyu sun kusa kama mu a gidanmu a Kakuri.

Kakana kuku ne a gidan wani Baturen Ingila, cikin waɗanda suka zo aikin masaƙa bayan an buɗe ta farko a Kakuri a 1957. Da Baturen zai koma gida, matarsa ta ba Kaka wani kwanon gilashi. Kaka ta sa shi a saman kabad, sama da jeren samira da tangaran. Ba a cin abinci a cikinsa, yaro kuma ba ya taɓa shi. Launinsa ruwan goro ne, da zanen 'ya'yan inabi a jiki. In rana ta haska shi sai ka ga kore da shuɗi da ja suna wasa, kamar man fetur da ya zuba a kan ruwa. Mu duka mun gaskata ruwan zinariya aka shafa masa.

Bayan shekarar 2000 masaƙu suka fara rufewa, Baba ya rasa aikinsa. Lokacin ina aji huɗu, an kore ni gida saboda kuɗin makaranta. Ana nan sai ga wani dillalin tsofaffin kaya, ya taya kwanon da kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Baba ya ce cuta ce, ai zinariya ce. Mama ta ce a tambayi wanda ya sani. Muka naɗe kwanon a zane, muka kai wa malaminmu na kimiyya a Barnawa.

Malam bai dubi ƙyallin ba ma. Ya juya kwanon, ya ɗaga gindinsa wajen hasken taga. Ya ce, "Mama, ainihin launin gilashi a gindi ake ganinsa, domin nan feshi bai taɓa ba." Muka duba, fari ne tas kamar kofin shan ruwa. Ya nuna mana siririn layi a gefe, ya ce alama ce an zuba narkakken gilashi a mazubin ƙarfe an danna shi, ba hura shi aka yi ba. Tun yana da zafi aka fesa masa ruwan sinadarin ƙarfe, shi ne ya ba shi launin bakan gizo. Babu ko ɗigon zinariya. Sa'an nan ya bi bakin kwanon da yatsa, ya tsaya inda ya ɗan ɓantare. A tsakiya kuma ya ga harafin N da layi a ƙarƙashinsa cikin da'ira.

Daga baya na bi diddigin abin. Sunansa gilashin kanifal, wato gilashin biki. Kamfanin Fenton a Amurka ne ya fara sayar da shi wajen 1908, domin talakan da ba zai iya sayen gilashin Tiffany mai tsada ba. Wasu kamfanoni suka bi sahu, kamar Imperial, Dugan, Millersburg da Northwood. An kai shi Ingila da yawa, an kuma yi irinsa a can da Jamus da Indiya. Da yayinsa ya wuce, sai aka riƙa ba da shi kyauta ga masu cin gasa a wuraren wasanni, daga nan sunan ya fito. Harafin N alamar Northwood ce, wanda ya rufe a 1925, ko da yake an sha kwaikwayon alamar. Fenton ya sake yin sababbi daga 1970, ya sa sunansa a jikinsu.

Masu tara shi sukan duba abu huɗu: wanda ya yi shi, zanensa, launin gindinsa, da lafiyarsa. Ja yana da wuyar samu, saboda haka yana da tsada. Ruwan goro irin namu shi ya fi yawa, ɓantarewa kuma tana karya farashi. Ashe kwanon Kaka tsoho ne na gaske, amma ba dukiya ba ne.

A ranar Malam ya ce, "Mama, ko kin sayar ba zai biya zango ɗaya ba." Mama ta yi shiru, ta sake naɗe shi a zane. Ta roƙi matan adashinta suka ba ta kwasa kafin lokacinta, na koma aji bayan mako biyu.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu muna da irin waɗannan kaya a ɗakunan iyayenmu. Kada ku bari a musanya su da bokitin roba, kada kuma ƙyalli ya ruɗe ku. Ku juya abu ku dubi gindinsa, ku tambayi tsofaffi inda ya fito tun suna da rai, ku rubuta. Kwanon Kaka yana nan a saman kabad ɗin Mama, kuma har yau ba a yarda in taɓa shi ba sai na wanke hannu.