Hoton da Na Jingina wa Masallacin Babban Gwani

Sa'ad da nake gyara wani rubutu a Wikipedia ta Hausa kan gine-ginen cikin birnin Zariya, na nemi hoton cikin Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. A shafin hotuna na Flickr na samu wani: bakan gizo na laka, haske na shigowa ta taga, wanda ya ɗauka kuma ya rubuta cewa masallacin ne.

Lasisin na bi a tsanake. Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗebo hotuna, yana karɓar CC BY da CC BY-SA, amma yana ƙin duk hoton da mai shi ya hana a yi kasuwanci da shi ko a sauya shi. Wannan ya cika sharaɗi. Na ɗora shi, na sa sunan mai shi, na kwafe bayaninsa yadda yake. Ginin kansa ne ban duba ba, alhali a cikin ganuwa nake kwana, kuma masallacin na nan daura da fada.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Jama'a suka shiga neman tsofaffin hotunansa, har na ga wanda na ɗora yana yawo a WhatsApp tare da addu'o'i. Na nuna wa wani dattijon magini da ya tsufa yana sallah a can. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, ina ginshiƙan? Wannan soron gidan wani ne."

Gaskiyarsa. Baƙo ya shiga soro ya ga kyan gini ya zaci masallaci ne, wannan ba abin zargi ba ne. Ni Bazazzagi ne na sa wa kuskuren hannu, kuma da zarar abu ya hau Wikipedia mutane kan ɗauke shi tabbas, saboda suna ganin an tace.

A daren na cire hoton, na gyara bayaninsa a Commons, na aika wa mai shi saƙo. Wanda ya riga ya bazu a wayoyi ba ni da ikon dawo da shi. Yanzu ko hoton Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana na samu, sai na je na tsaya gabanta da wayata, na kuma tambayi 'yan unguwar, kafin na rubuta sunan a ƙarƙashinsa.